Waya Biyu, Suna Ɗaya

Ƙarfe takwas na dare a Utako,
ɗakin injuna sanyi kamar cikin randa,
ni da rigar ɗari, da shayin da ya huce tun magariba,
korayen fitilu na ƙifta mini ido.

Yau ashirin da takwas ga wata.
Albashi ya sauka, kowane yatsa na kan waya,
daga Kubwa har Mararaba
saƙo na bin saƙo kamar tururuwa ta ji sukari.

Waya biyu muka ɗaure wuri guda,
muka raɗa musu suna ɗaya,
hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Duk daƙiƙa sukan gaisa da injin da ke ƙetare:
Kina nan?
Ina nan.
Wata bakwai ke nan, gaisuwar ba ta yanke ba.

Amma buhun na yoyo.
Cikin dubu, uku ba sa isa gida,
Injiniya Barau ya ce da ni ta waya,
bakinsa cike da tuwo:
Tanimu, ɗana tarko a kan hanya,
kama kowane ƙunshi, mu ga inda ake zubarwa.

Na ɗana.
Na buɗe wa injin kunne, na ce ji komai,
naka da wanda ba naka ba.
Layuka suka zubo a allo kamar ruwan Agusta.
Daƙiƙa arba'in.
Kore ya koma ja.

Kwandon ya cika tun ban ƙifta ba,
gaisuwar nan 'yar ƙarama ta maƙale a cinkoso,
na ƙetare ya jira, ya jira,
ya ɗauka an yi rasuwa, ya rufe ƙofa.
Nauyin biyu ya hau kan ɗaya,
ita ma ta durƙusa.

Ladidi ta kira daga teburin koke:
wani a Nyanya ya sha mai, kati ya ƙi,
wata a Gwagwalada na tsaye gaban kantin magani,
an cire kuɗin, ba a ga kuɗin ba.
Me ka taɓa?
Na ce ban taɓa komai ba. Kallo kawai na yi.

Na cire tarkon, hanya ta miƙe.
Na mayar, ta faɗi.
Sau uku, kamar mai gwada zurfin rijiya da ƙafarsa.

Sai na tuna shingen da nakan bi da safe,
mai kaki ya leƙa kowace mota don a zauna lafiya,
layi ya kai har bayan gada,
shi kuwa yana mamakin wa ya tare hanya.
Ashe yau ni ne mai kakin.

Na rage kwaɗayi.
Waya ɗaya kaɗai, ba duka biyun ba,
kan saƙo kawai, ban da gangar jiki,
na faɗaɗa kwando, na tsuke bakin tarko.
Ta tsaya. Tana rawa, amma ta tsaya.
Sai dai kafin nan gari ya yi barci,
ɓarawon da nake nema ba ya fita sai ana turereniya.

Asuba ta same ni da lamba ɗaya a allo:
dubu casa'in da ɗaya da ɗari uku da shida,
waɗanda suka wuce ban gan su ba.
A takardar rahoto, gurbin dalili,
na rubuta sunana, na goge,
na rubuta: a jira ƙarshen wata mai zuwa.

A motar Dutsen Alhaji na jingina da taga.
Hannun da ke shiga gari ya cushe,
na kama kaina ina ƙirga motoci,
na yi maza na kau da kai,
kada su ma su tsaya.